Amsa-Kuwwa Daga Gona: Yadda Saƙon Tauraro Ke Auna Girman Shuka



Jawabin wannan wata a kan gona yake, amma sai ya bi ta sararin sama kafin ya sauko.

Babu manomin da ake koya wa yadda zai gane lafiyar shukarsa. Da sassafe yakan saɓi fartanya ya nufi gona. Ya dubi ganye, ya ga ko kore ne shar, ko kuwa ya soma yin rawaya. Ya tsaya jikin gero ya gwada, ya kai gwiwa ne, ko ƙugu, ko har ya ɓoye mutum. Ya sa yatsa ya tona ƙasa, ya dunƙula ta a hannu, ya ji ko da sauran laima. Kafin hantsi ya san halin da gonarsa ke ciki.

To, wannan gona ɗaya ke nan. Yaya za a yi da gonaki dubu ɗari? Malamin gona guda yakan riƙe ƙauyuka masu yawa, ga shi kuwa da damina hanya kan yanke. Hukumomin da ke lura da abincin ƙasa suna bukatar su sani tun da wuri, a ina shuka ta yi kyau, a ina ta tsaya. Dattawa ba su manta da farin 1973 ba, da kuma na 1984. A wurare da yawa kafin agaji ya iso rumbuna sun zama wayam, shanu sun faɗi, mutane sun bar garuruwansu. Da a ce labarin gona yana isa wurin masu iko tun a watan Agusta, ba sai bayan kaka ba, da an rage wahala.

Saboda haka masana kimiyya suka daɗe suna neman hanyar auna shuka daga nesa. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka gano tana da ban mamaki, domin a cikin abin da aka ɗauka shara ne aka tsince ta.

TAURARIN NUNA HANYA

Da farko sai a san taurarin da ake magana a kansu. Ba waɗanda ake gani da dare suna ƙyalƙyali ba ne. Na'urori ne da mutane suka ƙera, suka harba sama da roka, suna ta zagaya duniya. Shi ya sa ake ce musu taurarin ɗan'adam. Aikinsu iri-iri ne. Wasu na ɗaukar hoto, wasu na kai shirin talabijin, wasu na duba yanayi. Akwai kuma waɗanda aikinsu nuna hanya ne.

Waɗanda suka fi suna cikin masu nuna hanya su ne na ƙasar Amurka, da ake kira GPS. An harba na farkonsu a 1978, domin amfanin soja. A 1995 aka bayyana cewa sun cika 24, aiki ya kankama. Yanzu sun kai wajen 30. Suna can nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma kowannensu yana zagaya duniya sau biyu a kwana ɗaya. Rasha ma tana da nata, masu suna GLONASS. Ƙasashen Turai suna da Galileo. Ƙasar Sin ta kammala nata, BeiDou, a 2020. In aka haɗa su duka sun haura 100.

Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito. Dare da rana yana watso saƙo ta igiyar rediyo. Saƙon bai da yawa. Yana faɗin sunan tauraron, da inda yake, da lokacin da ya yi maganar. Na'urar da ke ƙasa, irin wadda ke cikin wayar hannu ko jirgin sama, sai ta kasa kunne. Ta lissafa tsawon lokacin da saƙon ya yi a hanya, daga nan ta san nisan tauraron. In ta ji taurari huɗu ko fiye, to, ta san inda take a bayan ƙasa. Haka direba ke gane hanya a garin da bai sani ba, haka kuma masu safiyo ke auna fili.

A nan akwai abin lura. Waɗannan taurari ba su da kyamara, ba sa leƙen gidan kowa. Kamar gidan rediyo suke, suna magana ne kawai, ba sa ganin mai saurare, ba sa jin sa. Saƙon kuma kyauta ne. Yana sauka a kan birni da daji, a kan teku, a kan kowace gona, ko mai ita ya sani ko bai sani ba.

AMSA-KUWWA

Yaron da ya taɓa kiwo kusa da dutse ya san amsa-kuwwa. In ya yi kira, muryarsa takan doki dutsen ta dawo masa bayan ɗan lokaci. In dutsen na kusa, amsar ta zo da sauri. In yana nesa, ta ɗan jima.

Saƙon tauraro ma haka yake yi. Wani sashe nasa yakan zo kai tsaye ya shiga eriyar na'ura. Wani sashen kuwa sai ya fara dukan ƙasa, sa'an nan ya yi tsalle ya shiga eriyar. Na biyun ya bi doguwar hanya, saboda haka yakan iso a makare. Shi ne amsa-kuwwar saƙon.

Ga mai safiyo wannan amsa-kuwwa fitina ce. Tana rikita lissafi, ta sa na'ura ta nuna wurin da ba shi ba. Injiniyoyi sun yi shekaru suna ƙera eriya mai toshe kunne daga duk abin da ya taso daga ƙasa. Amma ba su iya kashe ta gaba ɗaya ba, kullum sai ɗan kaɗan ya kutsa.

A 1993 wani injiniya ɗan ƙasar Sifen mai suna Manuel Martin-Neira, wanda ke aiki da hukumar binciken sararin sama ta Turai, ya kawo wata shawara. Shawarar ita ce a daina korar amsa-kuwwar, a saurare ta. Tun da ta taɓa abu kafin ta iso, lalle tana ɗauke da labarin abin da ta taɓa. Shi a lokacin tsayin ruwan teku yake son a auna da ita. Abin ya zama kamar juji. A ƙofar gida ƙazanta ne, amma in an kai shi gona taki ne.

Wadda ta yi fice wajen jawo wannan tunani zuwa tudu wata malamar jami'a ce a jihar Kolorado ta Amurka, Farfesa Kristine Larson. A yammacin Amurka akwai tashoshin GPS wajen 1,100 da aka kakkafa cikin ƙasa. Ba don noma aka kafa su ba. An yi su ne don a lura da motsin ƙasa, saboda yankin yana fama da girgizar ƙasa. Malamar da abokan aikinta suka koma kan bayanan da tashoshin ke tarawa, suka tsamo amsa-kuwwar da kowa ke zubarwa. A 2008 suka nuna cewa tana faɗin laimar ƙasa. A 2009 suka auna zurfin dusar ƙanƙara da ita. A 2010 kuma, tare da Farfesa Eric Small, suka nuna tana bin girman ciyawa da shuka.

YADDA AWON KE GUDANA

Abu biyu ne ke sa wannan awo ya yiwu. Na farko ruwa.

Busasshiyar ƙasa ba ta mayar da igiyar rediyo sosai, yawancinta yakan nutse ciki. Jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa tana mayar da ita da ƙarfi. Ruwan tafki ya fi duka, kamar madubi yake. Saboda haka bayan an yi ruwan sama amsa-kuwwar takan canza, in ƙasa ta soma bushewa ta sake canzawa sannu a hankali. Sai dai laimar da ake ji ta sama-sama ce, wajen santimita 5, watau kamar faɗin yatsu uku. Abin da ke can ƙasa inda saiwar dawa take, wannan na'urar ba ta kai gare shi.

Shuka ma ai ruwa ce. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ɗanyar harawa, ya kuma ɗauke ta bayan ta bushe, ya san yawancin nauyinta ruwa ne. In saƙon tauraro ya ratsa cikin ganye da kara, ruwan jikinsu yakan shanye wani sashe, ya warwatsa wani. Gwargwadon cikar gona da ɗanyen ganye, gwargwadon raunin amsa-kuwwar.

Abu na biyu ya fi wuyar bayani, amma mai sauraren rediyo a gajeren zango ya san shi. Da dare ana cikin jin labarai daga ƙasar waje, sai murya ta yi ƙarfi, can ta dushe kamar za ta ɓace, can kuma ta dawo. Sau da yawa ba laifin batir ba ne. Muryar ce ta biyo hanyoyi biyu ko fiye ta sararin sama. In suka iso tare, kamar mata biyu masu daka da suka daidaita hannu, sai su ƙarfafa juna. In suka saɓa, sai ɗaya ta danne ɗaya.

Haka ke faruwa a eriyar GPS. Saƙon da ya zo kai tsaye da wanda ya taso daga ƙasa suna haɗuwa. Tauraro kuwa ba a tsaye yake ba. Yana fitowa daga gefen sama, ya hau, ya faɗi, kamar rana. Yayin da yake hawa, bambancin hanyoyin nan biyu yana ta canzawa. Saboda haka ƙarfin saƙon yakan yi ta hawa da sauka, hawa da sauka. Na'ura tana rubuta wannan duka. In aka zana shi a takarda, sai ya fito kamar kunyoyin gona.

To, ga inda dabarar take. Yawan kunyoyin nan ya danganta ga tazarar da ke tsakanin eriya da abin da ke mayar da saƙon. In tazarar da yawa, kunyoyin suna da yawa kuma a matse. In tazarar kaɗan ce, su ma kaɗan ne.

Alal misali, a ce an kafa sanda a tsakiyar gona, an ɗora eriya a kanta, tsayinta mita biyu da rabi. Ana jiran tauraro ya fito, a saurare shi na kusan sa'a guda yana hawa, tun yana daf da gefen sama har ya ɗan ɗago. Masana suna cewa daga digiri 5 zuwa digiri 25. In gonar fili ce babu shuka, lissafi ya nuna za a ga kunya wajen tara. Bayan wata uku alkama ta girma ta kai mita ɗaya, ta rufe ƙasa ruf. Yanzu ba ƙasa ke mayar da saƙon ba, kan alkamar ne. Tazarar ta koma mita ɗaya da rabi. Kunyoyin sai su ragu zuwa wajen biyar. Mai lissafi da ke zaune a ofis, ko da bai taɓa taka gonar ba, in ya ƙirga kunyoyin sai ya san tsayin alkamar.

Wani abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne taurarin GPS ba sa saɓa hanya. Wanda ya fito ta kan wata bishiya yau, gobe ma ta nan zai fito, sai dai ya riga lokacin jiya da minti huɗu. Masu duba Kaza da 'ya'yanta sun san taurarin dare ma haka suke, kullum suna ɗan rigan jiya fitowa. Saboda haka kowace rana ana auna gefe ɗaya na gonar, ana kwatanta yau da jiya. Filin da eriya guda ke saurare ya kai wajen murabba'in mita 1,000, watau kusan rubu'in eka.

GWAJI A GONAR ALKAMA

Magana a takarda daban, gani a gona daban. An yi gwaji a ƙasashe da dama. A Sifen masanan wata jami'a ta birnin Barsalona sun gwada a gonakin alkama da sha'ir da masara. Amma gwajin da ya fi fito da abin fili shi ne wanda aka yi a Faransa a 2015, a ƙauyen Lamasquère, kusa da birnin Tulus. Gonar alkama ce da ta dogara ga ruwan sama. An kafa eriya mai tsayin wajen mita biyu da rabi, aka bar ta tun alkama na ƙarama har ta nuna. A gefe guda kuma mutane suna zuwa suna auna tsayin shukar da hannu, suna auna laimar ƙasa, don a ga ko na'ura gaskiya take faɗi.

Abin da aka gano shi ne na'urar ba ta yin aiki biyu a lokaci guda. Muddin alkama ba ta wuce santimita 19 ba, watau kamar taƙi ɗaya na hannun babban mutum, saƙon yana ratsa ta ya taɓa ƙasa, ana samun labarin laima daidai. Wannan santimita 19 ba a banza ya zo ba, shi ne tsawon igiya ɗaya ta saƙon GPS. Da alkamar ta wuce haka, sai labarin laima ya soma ɓaci, domin ganye ya tare ƙasa. Daga nan kuma sai labarin tsayi ya fito. Da aka kwatanta tsayin da na'ura ta faɗa da wanda aka auna da hannu, bambancin wajen santimita 6 ne.

In an lura, hakan ya yi daidai da bukatar manomi. Lokacin da shuka ke ƙarama, babbar damuwarsa ita ce ko ƙasa na da laimar da za ta riƙe tsiro. In ta kama ƙasa, damuwarsa ta koma kan girmanta.

A Amurka kuma ruwan jikin shuka aka gwada aunawa. An yi gwajin a kan ciyawar daji, da alkama, da wata ciyawar dabbobi mai yawan ganye da ake kira alfalfa. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce. A yanke shukar da ke cikin ɗan fili da aka auna, a ɗora a sikeli, a busar, a sake ɗorawa. Nauyin da ya ragu shi ne ruwan. A ciyawa da alkama awon na'ura ya bi na sikeli, muddin ruwan bai kai kilo ɗaya a kowane murabba'in mita ba. A alfalfa kuwa, da ganye ya yi kauri, lissafin ya rushe. Masanan ba su ɓoye wannan ba, sun rubuta shi yadda yake. Daga baya an yi amfani da tashoshin nan na girgizar ƙasa aka bi yadda ciyawar jihar Kalifoniya ta ragu a farin da aka yi can daga 2012 zuwa 2014.

SAURARE DAGA SAMA

Sanda ɗaya rubu'in eka take ji. Ba za a kafa sanda a kowace gona ba. Saboda haka masana suka ce a ɗora kunnen a kan wani ƙaramin tauraro da ke ƙasa-ƙasa, ya riƙa tsintar amsa-kuwwar da ke tasowa daga bayan ƙasa yayin da yake wucewa.

A nan Nijeriya ta ɗan gifta cikin labarin. A watan Satumba na 2003 roka guda ta tashi daga ƙasar Rasha ɗauke da ƙananan taurari. Ɗaya daga cikinsu shi ne NigeriaSat-1, tauraron Nijeriya na farko, mai ɗaukar hoto. A cikin rokar kuma akwai na Ingila mai suna UK-DMC. Kamfani ɗaya ne ya ƙera su a Ingila. Shi na Ingilar an saka masa na'urar gwaji ta sauraren amsa-kuwwar GPS, kuma ya ji ta, daga teku, daga ƙanƙara, har daga tudu.

A ranar 15 ga Disamba, 2016, hukumar NASA ta Amurka ta harba ƙananan taurari takwas a lokaci guda, aka sa musu suna CYGNSS. Kowannensu nauyinsa bai kai na buhun siminti ba. An jera su a nisan wajen kilomita 500 daga ƙasa. An yi su ne don auna ƙarfin iska a cikin guguwar teku. Amma hanyar da aka ba su ta ratsa ƙasashe masu zafi, Nijeriya da Nijar da Cadi duk suna ƙarƙashinta. Masana suka ga suna jiyo tudu ma. Da bayanansu aka zana taswirar laimar ƙasa, da ta wuraren da ambaliya ta kwanta. Ɗaya daga cikin takwas ɗin ya yi shiru a 2022. Ƙasar Sin ma ta saka irin wannan kunne a tauraronta na duba yanayi da ta harba a 2021.

Me ya sa ake wannan wahala, alhali akwai taurari masu ɗaukar hoto? Dalilin shi ne kyamara ido ce, ido kuwa ba ya ratsa girgije. A watan Agusta, lokacin da aka fi bukatar sanin halin gona, sai a yi kwanaki sama a rufe. Da hunturu kuma ga hazo. Igiyar GPS ba ruwanta da girgije, ko hazo, ko duhun dare. Ga kuma araha. Mai watsa saƙon yana can sama tuni, an riga an biya kuɗinsa. Kunne kawai ake bukata.

Sai dai awon sama ba ya ganin gonar mutum ɗaya. Taswirar laima da aka fara yi da CYGNSS an yanka ta gida-gida, kowane gida kilomita 36 a tsawo, 36 a faɗi. Wannan ya fi faɗin yawancin ƙananan hukumomin jihar Kano. Irin wannan awo na hukuma ne, mai son sanin wane yanki ne ruwa ya ɗauke masa. Cibiyoyi irin su AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, bayan babban fari, sun daɗe suna bin damina da hotunan tauraro da ma'aunan ruwan sama. Amsa-kuwwar GPS ƙarin shaida ce ga masu irin wannan aiki.

GONAR ƘASAR HAUSA FA?

Nan ne ya kamata a yi magana a hankali, kada zumuɗi ya wuce gaskiya.

Gwaje-gwajen da aka ambata an yi su ne a manyan gonaki shimfiɗaɗɗu, masu shuka iri ɗaya, da aka shuka rana ɗaya. Gonar tudu a ƙasar Hausa ba haka take ba. Ga gero, ga dawa a tsakani, ga wake yana yaɗo a ƙasa, wani lokaci har da gyaɗa ko yakuwa a gefe. Tsayin wanne na'ura za ta faɗa? Ga kunya, wadda ke sa ƙasa ta yi tudu da kwari, ta warwatsa saƙon. Ga gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar gona, suna tare tauraro lokacin da yake ƙasa-ƙasa, wanda shi ne lokacin awo. Gonar ma sau da yawa ƙarama ce, amsa-kuwwar na iya tasowa daga ta maƙwabci. Dawa kuma takan haura mita uku. Sandar da ta ishi alkama, dawa shanye ta za ta yi, sai an ninka tsayinta.

Bugu da ƙari, na'urar ba ta san shuka ba, ba ta san ciyawa ba. Duk ɗanyen ganye ɗaya ne a wurinta. Gonar da ba a nome ba na iya fitowa a lissafi kamar ta ƙwararren manomi. Ba ta ganin tsutsa a cikin kara. Ba ta ganin ƙuduji a gindin dawa. Ba ta san jan-baki ya sauka ba. Tsayi ma ba shi ne amfani ba. Manoma sun sha ganin dawa ta yi kara har ta fi ɗaki, amma ruwa ya ɗauke lokacin fitar kai, aka tashi da tsaba kaɗan.

Inda abin ya fi kama da gonakin da aka yi gwaji shi ne wuraren noman rani. A Kadawa da Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke bi, da Bakolori a Talatar Mafara, da kwarin Haɗeja, akwai filaye shimfiɗaɗɗu na alkama ko shinkafa zalla. Alkama a nan ana shuka ta da sanyi, a watan Nuwamba ko Disamba, a girbe wajen Maris. Ba ta wuce tsayin da sandar mita biyu da rabi za ta iya da shi. Mai ban-ruwa kuma kullum yana cikin tunanin yau za a saki ruwa ko a bari sai jibi. Ruwa ya yi yawa saiwa ta ruɓe, ga asarar mai a injin. Ya yi kaɗan tsiro ya ƙone. Awon laima na kowace rana, a makonnin farko, abu ne mai amfani a irin wannan wuri. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana da tashar gwajin noman rani a Kadawa. Cibiyar binciken tafkin Cadi da ke Maiduguri ita ke da alhakin binciken alkama. Irin waɗannan wurare ne suka dace a fara gwadawa, ana auna shuka da sanda da sikeli a gefe, kamar yadda aka yi a Faransa. A yankin Sahel an riga an kafa irin wannan eriya a Dahra ta ƙasar Senegal, a ƙasa mai yashi irin ta jigawa, don bin laimar ƙasa.

Batun kuɗi kuma yana sauƙi. Eriyoyin da aka fara aiki da su na masu safiyo ne, masu tsada ƙwarai. Daga baya masana suka harhaɗa ƙanana masu araha. A Jamus an gwada wata a bakin kogin Rain, tana faɗin hawan ruwa da saukarsa. Wasu ma sun gwada da wayar hannu. Amma gwaji ne na masana, masu kwamfuta da sanin lissafin. In wani ya zo ƙauye da waya a hannu, ya ce a biya shi ya auna gona da tauraro ya faɗi buhu nawa za a samu, a tambaye shi daga wace hukuma yake, a kuma tuntuɓi malamin gona kafin a fitar da ko kwabo. GPS na waya yana iya auna faɗin gona in an zagaya iyakarta da ƙafa. Wannan gaskiya ne, ana yi. Amma auna faɗi daban, auna girman shuka daban.

In kuwa wata rana malaman bincike suka nemi izinin kafa irin wannan sanda a gonar wani, ga abin da mai gona zai sani. Sandar ba ta fitar da komai, saurare kawai take yi, ba ta cutar shuka ko mutum ko dabba. Takan zo da ƙaramin akwati da faifan hasken rana mai ba ta wuta. Dole ta tsaya cik a tsayinta, domin da tsayin ake duk lissafin. Saboda haka ba a ɗaure jaki ko akuya a jikinta, ba a rataya mata gora ko riga. Filin da take saurare yana farawa daga 'yan taku kaɗan, ya kai mita 30 ko fiye a kewayenta. A cikin wannan fili kada a tara kara, kada a ajiye amalanke ko injin ban-ruwa ko kwanon rufi, domin ƙarfe yana mayar da saƙo fiye da komai. Yana da kyau kuma mai gona ya riƙa rubuta ranar da ya yi shuka, da ranar ban-ruwa, da ta zuba taki, da ta nome, da ta girbi, a ƙaramin littafi. Masu lissafin za su nemi waɗannan ranaku, domin da su za su gane dalilin kowane canji da suka gani a kunyoyin takardarsu.